DARASIN WANNAN FITOWA: FUNTUWA DA GADON AUDUGA

Da yawanmu a ƙasar Funtuwa aka haife mu, ko kuma aure ya kawo mu, amma idan yaro ya ce, "Mama, me ya sa ake ce wa hakiminmu Sarkin Maska alhali a Funtuwa yake zaune?" sai mu yi shiru. To, yau a kan wannan za mu zauna.

Ina Funtuwa take?

Funtuwa tana kudancin Jihar Katsina, kimanin kilomita 70 daga Zariya. Mararraba ce: hanya ɗaya ta yi Zariya, ɗaya Gusau da Sakkwato, ɗaya Birnin Gwari, ɗaya kuma ta bi Bakori da Malumfashi zuwa Katsina. Ta zama ƙaramar hukuma a 1976, tun muna cikin Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A ƙidayar 2006 an samu mutum fiye da 225,000 a cikinta. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma a nan kusa ne Gulbin Sakkwato ya samo tushe.

Maska ce uwa

Kafin Funtuwa ta girma, Maska ce babban gari. Tsohuwar masarauta ce, ita da Gozaki ta ƙasar Ƙafur, tun kafin jihadin Shehu Usmanu. Maska ta yi suna ne da saƙa da rini. A zamanin Turawa aka dawo da mazaunin hakimi Funtuwa, amma sarautar ta riƙe sunanta na asali. Kin ga amsar tambayar yaron ke nan. Haka ma Malumfashi, hakiminta shi ne Galadiman Katsina.

Hannun mata a cikin wannan gado

Nan nake so mu natsu. Masaƙi ba ya saƙa sai da zare, zaren kuwa daga ɗakunan mata yake fitowa. Idan an ɗebo auduga daga gona, mace ce za ta gurje ta a kan dutse ta fitar da angurya. Sannan ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi. Daga nan ta ɗauko mazari da alli ta yi ta kaɗi, ta fitar da siririn zare da kuma abawa mai kauri. Shi za a kai wa masaƙi, daga can sai marina, a tsoma a baba. Da kuɗin kaɗi kakanninmu suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka yi biki, suka rufa wa kansu asiri ba tare da sun fita ko ƙofar gida ba. Sana'a sa'a, in ji masu magana.

Zuwan dogo

Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa dogon jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ya ratsa ta Funtuwa. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, wanda muke kira Bisije, ya kafa injin gurza a garin. Manoma suka riƙa kai auduga fuloti, a auna, a biya su, jirgi ya kwasa. Wannan ya jawo baƙi daga ko'ina: Yarbawa, Ibo, Zazzagawa, Kanawa, Zamfarawa. Daga baya aka kafa masaƙar Funtuwa. Shi ya sa garin ya zama na kowa da kowa.

Yau fa?

Jirgi ya daina zirga-zirga irin ta da. Noman auduga ya ja baya, masara da dawa da waken suya suka karɓi gonaki, su ne ake lodawa a kasuwannin Dandume da Bakori. Atamfar waje mai araha ta kashe kasuwar zaren hannu. Rashin tsaro kuma ya taɓa noma a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, muna fatan ta farfaɗo da ciniki.

Abin da ya rage gare mu

Tsofaffin da suka iya kaɗi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta rasu, ta tafi da iliminta. Idan kina da kaka ko surukar da ta iya, ki zaunar da 'ya'yanki gabanta ta nuna musu. Idan akwai mazari ko tsohon gwado a adakar gidanku, don Allah kada a yar.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran hakimin Funtuwa Sarkin Maska?
2. Kawo matakai uku da auduga take bi a hannun mace kafin ta je wurin masaƙi.
3. Tambayi wata dattijuwa a unguwarku yadda ake sayar da zare a zamaninsu, ki kawo mana amsa a zama na gaba.

Wassalam.