DARASIN SANIN ƘASA: MINJIBIR DA TAFKIN WASAI

 

Da yawanku kun sha yin iyo a Wasai, ko kun ci kifinta. To amma da za a tambaye ku daga ina ruwan nan yake zuwa, mutum nawa ne za su amsa? Wannan shi ne darasinmu na yau.

INDA GARIN YAKE

Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Ƙaramar hukuma ce, tana iyaka da Ungogo da Gezawa da Gabasawa da Ɗambatta. Cikin garuruwanta akwai Kunya da Kantama da Kuru da Sarbi da Wasai. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, wadda gero da dawa da wake da gyaɗa suke so. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani ne.

YAWAN JAMA'A

Faɗin ƙaramar hukumar ya kai murabba'in kilomita 416. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum 200,000 a cikinta. Ku ɗauki alƙalami ku raba, za ku ga kowane murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da mutum wajen 500, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. Shi ya sa a wajenmu ba ka ganin daji, gona na ƙarewa wata ta ɗauka. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin yadda karkarar Kano take ciyar da wannan taro ba tare da an bar gona ta huta ba. Amsar kakanninku sun san ta, wato taki. A da, da rani jakuna kan kai itace da hatsi birni, su komo da mangala cike da taki. An kuma san Minjibir da saƙa tun da daɗewa, kuma birni ne babbar kasuwar masaƙanta.

TARIHIN RUWAN

Tafkin Wasai dam ne da aka tare a kan kogin Jakara. Ita Jakara a tsakiyar birnin Kano ta taso, kusa da Kasuwar Kurmi, wadda masana tarihi suke danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kafin Musulunci ya kafu a Kano, kurmin Jakara wurin tsafi ne. Alhamdu lillahi da Ya fid da mu daga wannan duhu.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya ɗauki aikin gina madatsun ruwa gadan-gadan, kuma farin da aka yi a 1973 ya nuna hikimar haka. An gama Tiga a 1974, aka tare Jakara a Wasai a 1976. Daga nan wanda da can yake tafiya cin rani ya samu abin yi a gida: noman lambu, su, da shayar da dabbobi.

ABIN DA RUWAN YAKE ƊAUKOWA

A nan nake so ku buɗe kunne. Kafin Jakara ta iso mu, sai ta kwashe ruwan kwatamin unguwannin birni. Can gaba kuma rafin Getsi ya haɗe da ita, ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, har da na majema. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna ruwan nan, sun kuma samu sinadarai masu cutarwa irin su dalma. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da dalma. Da can birni taki yake aiko mana a bayan jaki, yanzu har da dagwalo yake aikowa ta rafi.

Sai dai kada mu ɗora wa birni laifin duka. Ciwon tsargiya, wato fitsarin jini, mu da kanmu muke yaɗa shi. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ta shiga dodon koɗi, ta girma ta fito, sai ta huda fatar yaron da ya shiga iyo. Wasu na cewa wai alamar balaga ce. Wallahi ba haka ba ne, cuta ce, kuma akwai maganinta a asibiti. Ku tuna Manzon Allah (S.A.W.) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu.

HUKUNCI

Kun karanta a Ishmawi cewa abu uku ake dubawa a ruwa: launi, ɗanɗano da ƙanshi. Idan najasa ta sauya ɗayansu, ba a alwala da shi, ba a girki da shi. Idan kuwa laka ce ko gansakuka ta mazauninsa ta sauya shi, babu laifi. Amma ku lura, ruwa yana iya halatta ga alwala alhali shansa cuta ne, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya cuci kansa ba.

Saboda haka ruwan sha a ɗebo a rijiya ko famfon burtsatse. Latas da kabeji a wanke su sosai da ruwa mai tsabta. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa mahaifinsa ko malaminsa, babu kunya a ciki.

TAMBAYOYI

1. Daga ina kogin Jakara ya taso?
2. A wace shekara aka tare shi a Wasai?
3. Ta yaya tsargiya take kama mutum?
4. Ku tambayi wani dattijo a gidanku yadda ake samun ruwan rani kafin dam, ku rubuto mana da boko ko da ajami.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana ruwanmu da zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.