Tilas Ko Ganin Dama: Dokar Shiga Ƙungiyar Ƙwadago Da Yadda Ta Shafi Mubi

A shekarar 1947 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar Taft-Hartley, wadda ta bai wa kowace jiha ikon hana a tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya kafin ya riƙe aikinsa. Jihohi 26 ke bin wannan tsari, bayan da Mishigan ta soke nata a 2023. Masu goyon baya na cewa albashin mutum guminsa ne. Ƙungiyoyi kuwa na kukan cewa dokar tana haifar da 'yan ci-ma-zaune, masu cin moriyar ƙarin albashin da wasu suka sha wahalar nema, alhali ba su ba da ko kwabo ba.

Nijeriya ta bi ta wannan hanya a nata salon. Dokar soja ta 1978 ta haɗe ƙungiyoyi zuwa 42 a ƙarƙashin NLC, tare da cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. A 2005, bayan jerin yajin aiki kan farashin man fetur a zamanin Adams Oshiomhole, gwamnatin Obasanjo ta yi wa dokar gyara: shiga ƙungiya ya zama ganin dama, TUC kuma ta sami damar tsayawa kafaɗa da kafaɗa da NLC. Da wuya a ce tausayin ma'aikaci kaɗai ya kawo gyaran. Duk da haka asusun ƙungiyoyi bai bushe ba, domin ƙaramin ma'aikaci ɗan ƙungiya ake ɗaukarsa har sai ya rubuta takardar ficewa. Wanda ya fice ɗin ma, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai tsallake shi ba.

A Mubi, wannan muhawara ta fi shafar masu albashin wata, kamar ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. Amma akasarin masu neman abinci a garin ba su da takardar albashi da za a cire wani abu daga ciki. Direban da ke lodi zuwa Yola, da dillalin da ke kara, da mai dakon kayan da za a tsallaka da su Kamaru, a hannu suke biya, kuma a nan tilas ɗin ya fi ƙarfi: wanda bai yanki tikiti ba, ba ya samun layi. Dokar 2005 tana magana ne kan ma'aikaci da ubangidansa, direba mai motar kansa kuwa ba shi da ubangidan da zai kai ƙara.

Ga ɗan kasuwa, kuɗin nan ba ya ɓacewa. Yana shiga cikin kuɗin mota, daga nan ya hau kan kowane buhun masara da kowane sa da aka loda zuwa kudu.