Ƙiba Da Lafiyar Zuciyar 'Ya'yanmu Ɗalibai

Mu iyaye mata a Gwadangaji, idan 'yarmu ta dawo hutu daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta yi kumatu, sai mu ce masha Allah, karatu ya karɓe ta. To, a yi hattara. Sau da yawa taliyar leda ce da lemon kwalba da yawan zama. Kitsen tumbi yana ƙara wa zuciya aiki, yana jawo hawan jini da ciwon suga, kuma hawan jini kan daɗe a jiki shiru.

Ga abin yi. A auna ƙugu da tef ɗin tela: mace kada ta wuce santimita 80, namiji 94. A auna jini a asibiti. In ya kai 140/90, a ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule, sannan a motsa jiki minti 150 a mako. Wajen haɗa guzuri, a sa wake, zogale da busasshen kifin Argungu.

Hadisin Tirmizi ya koyar da mu raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. 'Ya'ya amana ne. Allah ya ba mu ikon riƙewa, amin.