Ruwa Ya Zame Mini Kishiya

Anti,

Daga Ingila nake rubuto miki, inda muke zaune da maigidana da yaranmu biyu. Shi mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, ya ce bai ma san lokacin da ya koyi iyo ba. Sanda muka yi aure ya riga ya bari, sai dai labari. Da muka zo nan ya kama aiki a asibiti, wani abokin aikinsa ya ja shi wata ƙungiyar ninƙaya ta manya. Tun daga nan na kasa gane kan gidana.

Shekarunsa 37. Biyar saura na asuba yake tashi, kwana biyar ko shida a mako, ya ɗauki jakarsa ya fice. Daga wurin ninƙaya sai aiki. Da yamma ya dawo jikinsa na warin maganin ruwa, ya ci abincin mutum biyu, kafin in gama wanke-wanke yana gyangyaɗi da yaro a cinya. Ranar da ba ya ruwa yana ɗaga ƙarfe. In ya zauna hutawa ma waya ce a hannunsa, yana maimaita bidiyon yadda yake jefa hannu. Asabar ɗin gasa kuwa sai ya wuni a wani gari saboda tseren da wani lokacin bai kai minti ɗaya ba. Ba a biyansa ko sisi, shi ke biyan kuɗin shiga da na jirgin ƙasa da na masauki. Gab da babbar gasa har gashin ƙafarsa yake askewa, Anti! Sunan 'yan garinmu ya wuce shi, walima ta wuce shi, ni ake tambaya ko lafiya. Kafaɗarsa tana ciwo, ni ce mai shafa masa man zafi, gari na wayewa ya koma. Ga shi ƙungiyar maza da mata ce, abin yana ɗan sosa mini rai ko da ban taɓa ganin wani abu ba.

Ba zan zalunce shi ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, bai rage mu da ci da sha ba. Tumbinsa ya zube, saurin fushinsa ya ragu. Amma ni ba uwa ba ƙanwa a ƙasar nan, daga ni sai yara sai bango huɗu. Yayata ta ce in yi haƙuri, zumuɗi ne, zai wuce. Ƙawata ta ce in sa shi ya zaɓa, ko ni ko ruwa. Wace zan bi?

Taki,
Maman yara biyu, daga Ingila

*

Ƙanwata, Allah ya raya yaran, ya ba ki ladan haƙuri.

Kada ki bi ko ɗaya. Bari in fara da Yaya, don tata shawarar ta fi daɗin ji kuma ta fi haɗari. Abin da mijinki ya shiga ba irin wasan da shekaru ke kora mutum daga cikinsa ba ne. A tsarin hukumar wasannin ruwa ta duniya, gasar manya tana farawa daga shekara 25, kuma ana kasa mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar. Shi yanzu yana cikin 'yan 35 zuwa 39. Shekarar da zai cika 40 zai shiga sabon rukuni ya zama ɗan autansu, watau lokacin ne ma zai ga lambar yabo ta matso kusa. Tun 1986 aka fara gasar duniya ta irin waɗannan mutane a Tokiyo, har yau ana yi. A 2015 wata dattijuwa 'yar Japan, Mieko Nagaoka, ta kammala mita 1,500 da iyon rigingine tana da shekara 100. In kin zauna jiran zumuɗi ya wuce, sai ki yi jika kina jira.

Ta ƙawarki kuma ciniki ne da ko kin ci kin faɗi. In ya zaɓe ki, za ki samu mutum a falo da rai a ɓace, tumbi da fushin da kika ce sun tafi su dawo su tarar da ke. Mutumin da ya tashi a bakin Neja, ya sami kansa a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, ga aikin asibiti, ina ganin ruwan nan ne kaɗai wurin da yake jin shi ne shi. Ba na so ki zama wadda ta raba shi da wannan.

Ke kika kira ruwan kishiya, to ki riƙe maganarki da kyau, don kishiya ma da rabon kwana ake zama da ita. Laifin maigidanki shi ne bai yi rabon ba. Lokacinsa yana da suna da ƙarfe da rana, naki kuwa abin da ya rage ne bayan ya gaji. A kan wannan za ki tsaya.

Kafin ki zauna da shi, ki san abin da yake hannunsa da wanda ba ya hannunsa, don kada ya kayar da ke da bayani. Fitar asuba ba zaɓinsa ba ne. Yawancin ƙungiyoyin nan ba su da tafkin kansu, hayar layuka suke yi a wuraren ninƙaya na jama'a, kuma lokacin da ake ba su shi ne wanda yara 'yan makaranta da sauran mutane ba sa so, ko sassafe ko dare. Cin abincin ma ki bar shi, awa ɗaya da rabi a ruwa tana ƙona abinci sosai. Askin gashi tsohuwar al'ada ce ta 'yan ninƙaya gab da babbar gasa, ki yi dariyarki ki wuce. Warin kuwa yana tasowa ne in sinadarin kulorin ya haɗu da gumi da dattin jiki. Wanka da sabulu da zarar ya fito, da ɗauraye kayan da ruwa mai kyau, suna rage shi.

Amma kwana shida a mako, shekara ta zagayo ba sassauci, wannan nasa ne, kuma ko a wajen masu sana'ar ba haka ake yi ba. Ninƙaya kaka-kaka ce. Mutum yana zaɓar gasa ɗaya ko biyu a shekara ya ce su ne manya, ya yi watanni yana gini, in ya rage mako biyu ko uku ya sassauta yawan iyon don jiki ya huta ya yi sauri, bayan gasar kuma ya ɗan ajiye ruwan. A ƙasar da kuke, babbar gasar manya ta gajeren tafki, mai mita 25, an saba yin ta a Ponds Forge da ke Shafil wajen ƙarshen Oktoba. Kin ga ashe akwai ranar da ake nufa, akwai kuma bayanta. Tunda kin ce tserensa wani lokacin bai kai minti ba, ɗan gajeren zango ne, mita 50 ko 100. Irinsu ƙarfi da sauri da hutu suke bukata fiye da tara kilomita. Anthony Ervin na Amurka ya ci zinaren mita 50 a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, ya bar wasan shekaru, ya dawo ya sake cinsa a Riyo a 2016 yana da shekara 35. Manya da yawa masu aiki da iyali sau uku ko huɗu suke shiga ruwa a mako kuma suna gasa lafiya lau. Kafaɗar da kike shafa wa man zafi ita ce shaidarki: ciwon kafaɗa shi ne ciwon da ya fi damun 'yan ninƙaya, kuma yawan maimaita juyin hannu ba hutu ne ke kawo shi. Ma'aikacin asibiti ne, ya fi ni sanin inda likitan gashin ƙashi yake. Ya je. Ya kuma lissafa barcinsa, babba yana bukatar awa bakwai ko fiye, mai tashi biyar saura kuwa sai ya kwanta kafin goma.

Saboda haka kada ki je masa da kuka ranar da ya dawo a gajiye. Ki bari sai ranar hutu bayan ya ci ya ƙoshi, ki ajiye kalanda a gabansa ki ce, "Abban yara, nuna mini gasanninka biyu na bana." Waɗannan ki ba shi su da zuciya ɗaya, har makonnin da ke gabansu. Sauran ƙananan gasanni a zauna a tace, wadda ta ci karo da suna ko walima ta haƙura. Sannan ki faɗi naki da ƙarfe da rana, yadda nasa yake: safiya kaza yana gida ya shirya yara, yini ɗaya a ƙarshen mako ba jaka ba bidiyo. Kada ki ce masa "ka riƙa ba mu lokaci", zai amsa da to kuma ba abin da zai canja. Mutumin da ke auna rayuwarsa da daƙiƙa ya fi fahimtar "Laraba da Lahadi".

Kuɗin ma a rubuta. A ware abin da ninƙaya za ta ci a shekara bayan an cire na gida da na aikawa gida, in ya ƙare ya ƙare.

Maganar mata a ƙungiya ban raina ta ba. Ki gaya masa kai tsaye tana damunki, ba da sigar zargi ba, tunda ke da bakinki kin ce ba ki ga komai ba. Ki kuma bi shi gasa ɗaya ke da yara. Za ki tarar da zauren da ke da zafi da hayaniya, da dattawa masu furfura suna jiran a kira lambarsu, ki ga mutanen da yake ambata da idonki. Abin da ake hasashe daga gida yakan fi na gaske girma. Hukuncin cakuɗuwar da suturar kuwa ku kai wa malami tare, ba fannina ba ne, sai dai zan gaya miki tun 2010 dokar gasa ta tsayar da wandon maza tsakanin cibiya da gwiwa, kuma mai kaiwa gwiwar shi yawanci suke sawa.

Saura abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki, bango huɗun nan. Ko gobe ya bar ruwa, ba zai zama uwa da ƙanwa da maƙwabta ba. Safiyoyin da za ki karɓa kada ki cika su da guga da goge-goge. Ki fita. Islamiyya, wani kwas, ziyarar matan garinku, duk wanda ranki ya kwanta da shi. Makarantun firamare a Ingila ana son su fitar da yaro yana iya iyon mita 25, ga uban yara gwani a gida, to Asabar ya kwashe su ya koya musu, ke ki samu sararin kanki. Wuraren ninƙaya da dama a garuruwan da ke da Musulmi suna ware lokaci na mata zalla, in kina sha'awa ki tambaya a na unguwarku.

In kun yi wannan zama ya amince, ki ba shi wata biyu ki gani. In kuwa ya ƙi ko duba kalandar, ko ya amsa ya karya ba uzuri, to maganar ta wuce ta iyo, sai ki sa wani babba da yake jin nauyinsa a ciki, ki kuma sake rubuto mini.

Antinku