Ɗan kwaɗon da ke yin fari da rani

To, wasiƙu sun taru, agogo kuma ba ya jira. Ta farko daga wani bawan Allah a Funtuwa, yana tambaya wai gaskiya ne kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa? Kai jama'a! Duk damina sai an aiko mana da wannan. Ba daga sama suke ba, malam. Wasunsu a ƙarƙashin ƙasa suke kwana rani, ruwan farko ne ke fito da su.

Ta biyu ita ce ta yi mini daɗi. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce ta ga ɗan mitsitsin kwaɗo fari fat a kan busasshiyar ciyawa, rana na dukansa, ko motsi ba ya yi. Ba shi da lafiya ne? Lafiyarsa lau, Hajiya. Wannan kwaɗon ciyawa ne, masana na kiransa Hyperolius nitidulus, yana nan a dazuzzukanmu tun daga Gini da Mali har Kamaru. Tsawonsa kusan santimita uku ne, kan yatsunsa da 'yan faifai masu manne wa ganye. Da damina launinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, mazan kuma su ne masu ƙaramin kukan nan mai kama da buga ƙarfe a bakin kududdufi da dare.

In rani ya shigo, manyan galibi sun mutu, 'ya'yan ne ke saura. Ɗan kwaɗon ba ya shiga rami kamar 'yan uwansa, sai ya hau kara ya naɗe ƙafafu ƙarƙashin ciki, fatarsa ta yi fari tana mayar da hasken rana, don kada ruwan jikinsa ya ƙafe. Haka zai zauna wata da watanni. Ni da na kasa jure zafin Afrilu ko da fanka, ai sai in sara masa!

Masana daga Jamus sun gwada su a gandun dajin Komowe na Kwaddibuwa, suka kunna musu faifan ƙarar wutar daji, sai 'yan kwaɗin suka tsere neman mafaka. A 2002 aka buga binciken.

Wani daga Kano yana tambaya ko ana cin sa. Wannan ta malamai ce, kuma ina naman yake?

Masu cinna wa daji wuta don neman gafiya, ku yi wa Allah ku sassauta, ɗan kwaɗon nan ƙwari da sauro yake cinye mana. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.