Kalmar "borrow": wa ya karɓa, wa ya bayar?



'Yan uwa ɗalibai, darasinmu a kan kalmar Turanci ce guda, "borrow", wadda ke wahalar da 'yan ƙasar Sin masu koyon Turanci. Ma'anarta karɓar aro. Shi kuwa mai bayarwa, "lend" ake ce wa aikinsa.

To, me ke rikita su? A Sinanci kalma ɗaya ce, "jie", ke ɗauke da ma'anonin biyu. In suna son fayyace bayarwa sai su ƙara mata "gei", wato ba wa. Kun ga ai kamar mu ne: "na ari littafi", "na ara masa littafi". Larabci ma tushe ɗaya ne, ista'ara da a'ara. Turanci ne ya raba musu gida.

A kula, "borrow" tana tafiya da "from", "lend" da "to". In mun ce "We borrowed a book from Musa", mu muka karɓa, littafin na Musa ne. Wanda ya ce "borrow me your pen", yadda muke yawan ji a nan Gana, ya kauce. "Lend me" ne daidai. A hira za a gane shi, amma a takardar bashi, musanya su na iya mai da mai bin bashi wanda ake bi.

Akwai kuma abin da "borrow" ba ta rarrabewa. A fiƙihu mun karanta cewa aro, abin kansa ake mayarwa, rance kuwa kwatankwacinsa. Bature dai, keke ne ko kuɗi, duk "borrow" yake cewa.