Darasin Wannan Wata: Tabarau Mai Nuna Cikin Ƙasa

'Yan'uwa manoma, duk ƙungiyar da ta taɓa tara kuɗi don haƙa rijiyar burtsatse ta san fargabar da a ke yi kafin ruwa ya fito. Na san wata ƙungiya da ta sayar da masarar gonar gayya ta shekara biyu, aka kawo injin, aka yi kwana uku ana haƙa, ba abin da ya fito sai ƙura. Taku ɗari biyu daga wurin kuwa ga rijiya mai ruwa rani da damina. Ina tsaye a wurin ran nan. Ma'aji ya tambaye ni dalili, na rasa amsa.

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Ilmin da ke binciken duwatsu da yadda su ke jere a cikin ƙasa shi a ke kira jiyoloji. Wahalar koyar da shi ita ce, abin da malami ke magana a kai a binne ya ke. A kwalejin horon malamai an zana mana shi a kan allo, muka haddace, muka ci jarrabawa, amma ba mu gan shi ba. Saboda wannan matsala ce waɗansu jami'o'i suka shiga amfani da na'urorin da ke nuna wa mutum wuri kamar yana tsaye a cikinsa.

Na'ura ta farko wani irin tabarau ne mai rufe idanu. Kowane ido yana ganin nasa hoto, hotunan biyu sun ɗan bambanta, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su, mutum ya ga zurfi da nisa. In ya juya kai, hoton ya juya tare da shi. A kan ɗauki hotuna masu yawa na tsauni ta kowane gefe, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da siffarsa. A 2014 kamfanin Google ya fito da mai araha, na kwali, wanda a ke saka wayar hannu a ciki. A 2015 ya ƙara da shirin kai 'yan makaranta yawon buɗe ido ta wannan hanya, amma a 2021 ya rufe shirin. Wannan abin lura ne ga mai niyyar kashe kuɗi a kan irin waɗannan kaya.

A Ingila, jami'ar karatu daga gida da a ke kira Open University ta gina tsaunin Skiddaw a cikin kwamfuta a 2013. Ɗalibi yana zaune a ɗakinsa ya kan zaga tsaunin, ya ɗauki dutse ya duba shi da madubin ƙara girma. Abin da ya fi burge ni shi ne, yana iya yanka ƙasar kamar yadda a ke yanka kabewa, ya ga yadda duwatsu su ke kwance a ciki. Ba wanda zai iya yin haka da ƙafarsa a kan tsauni. Da annobar korona ta hana fita a 2020, jami'o'i da yawa sun koma ga irin wannan hanya.

Wadda ta fi kusa da aikinmu ita ce akwatin yashi da Oliver Kreylos da abokan aikinsa suka ƙera a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, a 2012. Yashi ne na gaske a cikin akwati. A bisansa akwai kyamara mai auna tsayin yashin, da majigi mai haska launi a kai. In ka tara tudu da hannu, nan take sai layuka su zagaye shi, kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. In ka shimfiɗa tafin hannu a sama, sai hoton ruwan sama ya zubo, ka ga inda ya ke gangarawa da inda ya ke taruwa. Yaro ya kan gane cikin ɗan lokaci abin da mu muka sha wuya a kansa a aji.

To, da waccan ƙungiya ta iya yanka ƙasarta ta duba, me za ta gani? A yawancin ƙasashen Kano, Zariya da Kaduna, tsohon dutse ne mai tauri a ƙarƙashi, irin wanda mu ke gani ya fito fili a matsayin falalen dutse. Shi kansa ba ya riƙe ruwa. Ruwa yana zama ne a saman da ya rududduge da kuma cikin tsagogi. Wanda ya dace da tsaga ya sami ruwa, wanda ya kauce mata kaɗan ya sami ƙura. Wajen Maiduguri kuwa ba haka ba ne. Can yashi da yumɓu ne shimfiɗe hawa-hawa, ruwa yana kwance a hawa uku, har waɗansu rijiyoyin da aka haƙa a shekarun 1960 ruwansu ya riƙa ɓulɓulowa ba famfo. Shi ya sa a ƙasar dutse bai kamata a kira mai injin ba sai masu awon ƙasa da na'urar lantarki sun fara nuna wuri.

Kada mu ruɗe. Tabarau ba ya nemo ruwa. Abin da mutane suka auna suka zuba masa, shi kaɗai ya ke nunawa. Ba ya kuma koya wa yatsa bambancin laka da jigawa. A ganina amfaninsa shi ne ya shirya idon mai koyo kafin ya fita fili.

Ga aikin da za ku yi a taronku na gaba, ba tare da lantarki ba. Ku gina tudun yumɓu a cikin babban daro. Ku zuba ruwa kamu ɗaya na yatsa, ku zana layi a bakin ruwan kewaye da tudun, ku ƙara ruwa, ku sake zanawa. Inda layukan suka matsu, gangaren yana da tsanani. Sa'an nan ku tara yashi kashi biyu a waje, ɗaya a yi masa kunyoyi a gicciye, ɗaya a bi gangare, a zuba ruwa da gwangwani mai huji, kowa ya faɗi abin da ya gani.

Daga nan ku gayyato tsohon mahaƙin rijiya na garinku. Ya faɗa muku abin da ya ke tararwa daga sama zuwa ƙasa: gaba nawa na jar ƙasa, nawa na marmara, nawa na tsakuwa, a ina ruwa ke fara tsatsowa. Magatakarda ya rubuta na kowace rijiya dabam, a zuba samfurin ƙasar bi da bi a cikin farar kwalba, a ajiye tare da littafin ƙungiya don ranar da masu awo za su zo.